Idan Sankarar Ƙwan Mace Ta Daina Jin Magani: Yadda Ake Gano Dalili da Matakin da Ake Ɗauka

Yawancin matan da ke fama da sankarar ƙwan mace suna samun sauƙi sosai a kemo na farko, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara da ake ɗurawa ta jijiya. Ciki ya sace, ruwa ya daina taruwa, abinci ya fara shiga, gwajin jini na CA-125, wani sinadari da kan hau idan ciwon na aiki, ya sauko. Amma a cikin waɗanda ba a gano ciwon ba sai da ya bazu a ciki, wato mataki na 3 ko na 4, kimanin bakwai cikin goma ciwon kan dawo musu, kuma duk dawowa jin maganinsa raguwa yake yi. A nan ne iyali kan ji an ce "maganin ya daina ci". Maganar nan kan zo da ma'ana biyu, kuma raba su shi ne aikin farko. Akwai ciwon da ya sauya halittarsa har magani ba ya kashe shi. Akwai kuma ciwon da tun farko magani bai same shi yadda ya kamata ba, saboda awo bai cika ba, ko lokaci ya goce, ko ma ba a san ainihin irin ciwon ba. Na biyun ana iya hana shi, kuma mai jinya na da hannu babba a ciki.

A fara da naman da aka ciro

Kafin a zargi magani, a nemo takardar sakamakon gwajin nama. Sankarar ƙwan mace ba iri ɗaya ba ce. Wadda ta fi yawa, kusan kashi 70 cikin 100 na masu tasowa daga fatar gaɓar, ita ce ake rubutawa HGSC a takarda, kuma galibi daga bakin bututun ƙwai take farawa. Tana da saurin yaɗuwa, amma ta fi sauran jin kemo. Akwai wasu iri uku da tun asali ba su cika jin carboplatin, babban maganin kemon, ba: mai girma a hankali da ake rubutawa LGSC, da mai fararen ƙwayoyi, da mai majina. Matar da ke da LGSC ba taurin kai ciwonta ya koya ba, haka yake tun farko, kuma sau da yawa maganin toshe sinadarin mata irin letrozole, miligiram 2.5 a kullum, ya fi mata amfani a kan a yi ta sauya kemo. Idan takardar ba ta faɗi irin ciwon ba, a roƙi likita ya tura a yi gwajin rini na PAX8 da WT1 da p53.

A nan Legas ba abin mamaki ba ne bayan tiyata a miƙa wa ɗan'uwan mara lafiya naman a roba ya kai ɗakin gwaji da kansa. Wanda aka ba wannan amana ya duba abu uku. Naman ya nutse a ruwan fomalin mai kashi 10, ba ruwan gishiri ko sifirit ba. Ruwan ya ninka naman yawa kamar sau goma. Kuma a kai shi a ranar, domin zaman da ake so ya yi a fomalin awa 6 zuwa 72 ne. Naman da ya kwana a bushe, ko ya yi sati biyu a cikin ruwan, DNA ɗinsa, wato rubutun gadon da ke cikin ƙwayoyinsa, kan lalace, sai daga baya a zo gwajin BRCA, ƙwayoyin gado masu gyaran DNA, a rasa abin karantawa. Bayan sakamako ya fito, ɗakin gwajin na adana naman a ɗan dunƙulen kaki mai lamba. Ku rubuta lambar, domin da wannan dunƙule za a yi duk gwajin da zai taso nan da shekara biyu ko uku.

Wani abin lura da ya shafe mu a Nijeriya: tarin fuka na ciki yana kawo kumburi da ruwa da rama, yana kuma ɗaga CA-125, har a ɗauka sankara ce. Don haka ba a fara kemo da hoto da gwajin jini kawai, sai an ga ƙwayoyin ciwon a nama ko a ruwan ciki. Masu cewa daji ba ya son ƙarfe, kada a taɓa shi da allura, suna jawo wa mara lafiya asarar watannin da ciwon ya fi jin magani.

Yadda maganin ke kisa, da hanyoyin da ciwon ke bi ya tsira

Carboplatin magani ne mai ƙarfen filatinum. Idan ya shiga ƙwayar sankara yakan manne wa DNA, ya ɗaure harafi da harafi, wani lokaci ya ɗaure igiyoyin biyu da juna. Da ƙwayar ta zo kwafe DNA ɗinta don ta rabu biyu sai igiyar ta tsinke, idan ba ta iya gyarawa ba ta mutu. Paclitaxel kuma yakan daskarar da ƙananan sandunan da ke jan DNA gefe biyu a lokacin rabuwa, sai ƙwayar ta maƙale a tsakiya.

Ƙari guda na ɗauke da ƙwayoyi biliyoyi, kuma ba duka suke daidai da juna ba. Kusan duk HGSC, sama da kashi 95 cikin 100, ta rasa aikin ƙwayar gado mai suna TP53, wadda ke tsare DNA daga ɓaci, shi ya sa 'ya'yan ƙari ɗaya kan bambanta ƙwarai. Kemo yakan kashe masu rauni ya bar masu juriya, kamar yadda feshin gona kan bar 'yar ciyawar da ta jure ta cika wurin a damina ta gaba. Wannan ne dalilin da ya sa aikin tiyata ke da nauyi haka. Burin likitan fiɗa shi ne kada ya bar wani ƙari da ido ke gani, saboda babban ƙari jini ba ya ratsa tsakiyarsa, magani ba ya kai wa can, kuma yawan ƙwayoyin da aka bari shi ne yawan damar samun mai juriya a ciki. Ku tambaya bayan aiki: "Likita, an bar wani abu? Girmansa nawa?" A rubuta amsar.

Hanya mafi muhimmanci ta tsira ita ce gyaran DNA. Kimanin rabin HGSC na da naƙasa a tsarin da ke gyara igiyar da ta tsinke gaba ɗaya, tsarin da BRCA1 da BRCA2 ke jagoranta. Naƙasar nan ita ce ta haifar da ciwon, kuma ita ce rauninsa: ƙwayar da ba ta iya gyara ba ta jure filatinum. A kan wannan rauni aka gina magungunan toshe PARP, irin olaparib da niraparib. PARP furotin ne mai gyaran ƙananan tsaga a igiya ɗaya. Idan aka toshe shi, ya kuma maƙale a jikin DNA, ƙaramar tsaga kan zama babbar karaya, ƙwayar lafiya ta gyara da BRCA, ƙwayar sankara ta kasa.

To, ciwon na iya dawo da BRCA ɗinsa. Ana karanta DNA ne harafi uku-uku. Ɓacin BRCA sau da yawa faɗuwar harafi ɗaya ne ko biyu, wanda ke goce karatun duka daga wannan wuri. Idan a cikin biliyoyin ƙwayoyi wata ta sake rasa wasu haruffa kusa da wurin har jimillar abin da ya faɗi ya zama uku ko shida, karatu ya koma kan layi, furotin ya fito da ɗan guntu amma yana aiki. Masu bincike sun bayyana wannan a 2008, kuma wani babban nazari daga Ostareliya a 2015 ya samu irin wannan gyara har kala-kala a jikin mace ɗaya, kowane ƙari da nasa. A wasu matan kuma BRCA1 ba ɓaci ta yi ba, rufe ta aka yi da wani tambarin sinadari a bakinta, sai ciwon ya cire tambarin ta farka. Akwai kuma ƙwayoyin da kan zubar da furotin 53BP1, wanda rashinsa ke ba su damar yin gyara ko da babu BRCA1.

Wannan na da amfani biyu a aikace. Na ɗaya, galibin abin da ya dawo da gyara yana rage ƙarfin filatinum da magungunan PARP a tare, shi ya sa matar da ciwonta ya ci gaba tana tsakiyar shan olaparib ba ta cika samun amfanin carboplatin kamar da ba. Na biyu, gwajin HRD da ake yi wa nama don gano naƙasar gyaran DNA, tabon tsohuwar naƙasa yake karantawa. Tabon na nan ko bayan ciwon ya gyara kansa, don haka sakamakon da ya ce "akwai naƙasa" a naman shekara biyu da suka wuce bai tabbatar da halin yau ba. Mun fi yarda da yadda ciwon ya amsa filatinum na ƙarshe a kan tsohuwar takarda.

Kusan ɗaya cikin biyar na HGSC na da ninkin ƙwayar gado mai suna CCNE1, mai tura ƙwaya ta yi ta rabuwa. Irin waɗannan galibi gyaran DNA ɗinsu lafiya lau yake, ba kasafai suke haɗuwa da ɓacin BRCA ba, kuma su ne ke yawan ƙin jin kemo tun zagayen farko.

Hanya ta gaba ita ce fitar da magani waje. A bangon ƙwaya akwai wani famfo da ƙwayar gado ABCB1 ke ƙerawa. A wasu ciwukan da suka sha magani, ABCB1 kan haɗe da makunnin wata ƙwayar gado mai aiki dare da rana, sai famfon ya yawaita. Yana tofar da paclitaxel, da doxorubicin, da olaparib, amma ba ya ɗaukar carboplatin. Shi ya sa likita mai lura kan duba jerin magungunan da aka riga aka sha kafin ya zaɓi na gaba. An gwada magungunan toshe famfon a manyan gwaje-gwaje, ba su ƙara wa mata tsawon rai ba, don haka duk wanda ya tallata muku wani ganye ko ƙwaya da sunan tana buɗe wa kemo hanya, ku bar masa kayansa.

Shi filatinum da tasa ƙofar: yana shiga ta mashigar jan ƙarfe mai suna CTR1, kuma furotin ATP7A da ATP7B na iya kwashe shi. Wanda ya shiga kuma sinadarin glutathione kan kama shi ya kashe masa kaifi kafin ya kai ga DNA. Wannan glutathione shi ne dai ake sayarwa a matsayin allura da ƙwayar hasken fata. Mace mai karɓar kemo kada ta kusance shi ba da sanin likitanta ba. Sauran hanyoyin, irin ƙwayoyin da kan yi barci su ƙi rabuwa har kemo ya wuce, da waɗanda kan dunƙule suna yawo a ruwan ciki, da waɗanda kan fake a kitsen da ya lulluɓe hanji, sanannu ne a ɗakin bincike, amma har yanzu ba su sauya abin da ake rubuta wa mara lafiya ba, in ban da cire wannan kitse a lokacin tiyata.

A tabbatar maganin ya isa

Tsarin da aka saba shi ne carboplatin da paclitaxel kowane kwana 21, sau shida. Wani lokaci a yi uku, a yi tiyata, a ƙarasa ukun. Paclitaxel miligiram 175 ne ga kowace murabba'in mita ta faɗin jiki, ana ɗiga shi cikin awa uku, kuma shi ake fara sawa. Mace mai tsawon santimita 160 da nauyin kilo 60 za ta karɓi kimanin miligiram 285. A auna nauyi bayan an zuƙe ruwan ciki, domin lita biyar na ruwa kilo biyar ne da ba na jikinta ba.

Carboplatin ba da nauyi kaɗai ake auna shi ba, da aikin ƙoda ne, tunda ta fitsari yake fita. Ana ɗaukar ƙarfin tacewar ƙoda, a ƙara 25, a ninka da 5 ko 6 gwargwadon abin da likita ya zaɓa. Ga misali, Hajiya mai shekara 58, kilo 60, kiriyatinin (gwajin jini na aikin ƙoda) 0.8, tacewar ƙodarta za ta kama kusan 73. A ƙara 25 ya zama 98, a ninka da 6 ya ba da miligiram 588. Kwalaben da aka fi samu na 450 ne da na 150. Idan kuɗi ya yi ƙaranci aka sayi babbar kaɗai, Hajiya ta rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na maganinta, kuma in aka maimaita haka sau shida, ranar da ciwo ya dawo ba wanda zai iya cewa taurin kai ne ko ƙarancin awo. Gara a gaya wa likita gaskiyar aljihu tun kafin a fara, a lissafa kuɗin zagaye shida gaba ɗaya, a san inda za a nemi taimako, da a fara da ƙarfi a tsaya a na uku. A kuma lura da ma'aunin kiriyatinin: wasu ɗakunan gwaji kan rubuta 0.8, wasu su rubuta 71, abu ɗaya ne a ma'auni biyu, kuma cakuɗa su a lissafi haɗari ne. Macen da ta rame sosai kiriyatinin ɗinta kan yi ƙasa har ƙoda ta yi kamar ta fi ƙarfinta, to nan kuma awo zai wuce kima, shi ya sa likitoci ke sa iyaka a lissafin.

Lokaci ma awo ne. A yi gwajin jini kwana ɗaya ko biyu kafin ranar kemo, ba da safiyar ranar ba. Abin da ake nema shi ne fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi, wato niyutirofil, su kai 1.5, filatilet, masu tsayar da zubar jini, su kai 100. Idan jini ya yi ƙasa, jinkirin sati guda da likita ya yanke daidai ne, kuma akwai allurar filgrastim mai ɗaga farin jini don kada a sake samun tsaiko. Jinkirin da ke cutarwa shi ne na tafiya gida biki ko Sallah, a ce "idan mun dawo sai a ci gaba". Wanda ke Agege ko Mile 12 ko Alaba Rago, yana zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba ko na Jami'ar Jihar Legas da ke Ikeja, ya san cunkoson hanya kan cinye rabin yini, don haka a nemi wurin kwana kusa a daren kemo idan da hali. Idan komawa Arewa ta zama dole, a karɓi wasiƙa mai ɗauke da sunan magani da awo da ranakun da aka karɓa, a kuma tsayar da rana a asibitin can, ko Malam Aminu Kano, ko Shika, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kafin a hau mota. Game da azumi, Alƙur'ani ya ba mara lafiya rangwame, kuma ƙodar da ke fitar da carboplatin na buƙatar ruwa.

A sayi magani a kantin asibiti ko kanti mai rajista, a duba lambar NAFDAC da lambar rukuni da ranar lalacewa, a ɗauki hoton kwalin da waya. Carboplatin da paclitaxel da ba a buɗe ba suna son wuri ƙasa da digiri 25, ba hasken rana. Bevacizumab da doxorubicin mai rigar kitse da filgrastim kuwa firji suke so, digiri 2 zuwa 8, ba daskarewa. Kwalbar da ta yi awa uku a jaka cikin danfo da rana, ko ta kwana a firjin da aka ɗauke wa wuta, ba a san abin da ya rage a cikinta ba. A ɗauko ta a cikin kula mai ƙanƙara, a naɗe da tsumma don kada ta taɓa ƙanƙarar kai tsaye.

Sai haɗuwar magunguna. Rifampicin na tarin fuka yana sa hanta ta cinye olaparib har abin da ya rage a jini bai taka kara ya karya ba. Carbamazepine da phenytoin na farfaɗiya ma haka suke. Wasu magungunan HIV kuma, musamman masu ritonavir, kan sa paclitaxel ya taru ya yi illa. Diclofenac da ibuprofen da allurar gentamicin na gajiyar da ƙoda. Jiƙe-jiƙe da agbo ba a san abin da ke cikinsu ba balle a lissafa. A zuba duk abin da Mama ke sha a leda a kai wa likita ya gani da idonsa. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 a tsakanin kemo, musamman kwana 7 zuwa 14 bayan ƙarin ruwa, asibiti ake zuwa a daren, ba a tsaya shan maganin maleriya a gida.

Littafi ɗaya, da lissafin wata shida

A ware littafi guda. A ciki a rubuta ranar kowane kemo, sunan magani, miligiram nawa, da sakamakon CA-125 tare da ranarsa, kuma a riƙa yin gwajin a ɗaki ɗaya saboda injina kan bambanta. Iyakar lafiya ta CA-125 ita ce 35. Saurin saukarsa a kwana 100 na farko yana nuna yadda ciwon ke jin magani, kuma da sakamako uku likita na iya lissafa wani maki mai suna KELIM, wanda idan ya kai 1 alama ce mai kyau.

Rana mafi daraja a littafin ita ce ta carboplatin na ƙarshe, domin daga ita ake ƙirge. Idan ciwon ya ci gaba ana tsakiyar kemo ko cikin sati huɗu da gamawa, bai ji filatinum ba sam. Idan ya dawo kafin wata shida, ana ɗaukarsa mai juriya. Idan ya wuce wata shida, ana sa ran zai sake ji, kuma gwargwadon nisan tazarar gwargwadon fatan. Sai dai wata shidan nan ba katanga ba ce. Matar da ciwonta ya dawo a wata na biyar, bayan ta ji magani sosai a baya, likita na iya sake gwada mata filatinum, kuma wannan ba kuskure ba ne.

Tashin CA-125 sau ɗaya ba hukunci ba ne. Ƙa'idar ita ce ya ninka iyakar lafiya, wato ya kai 70, ko ya ninka mafi ƙanƙantar matakin da ya taɓa sauka idan bai taɓa komawa daidai ba, kuma a tabbatar da gwaji na biyu bayan aƙalla sati guda. Wani babban gwaji da aka yi a Turai aka wallafa a 2010 ya nuna cewa fara kemo saboda tashin lambar kawai, kusan wata biyar kafin alamu su bayyana, bai ƙara tsawon rai ba, sai dai ya rage wa matan kwanakin hutu. Abin da tashin ke kira shi ne hoton CT da zama da likita.

Zaɓin da ke gaba

Idan tazarar ta wuce wata shida, tambayar farko ita ce ko tiyata ta biyu za ta yiwu. Gwajin DESKTOP III ya zaɓi matan da ke da ƙarfin jiki, waɗanda aka cire musu komai a aikin farko, kuma ruwan cikinsu bai kai mililita 500 ba. Waɗanda aka yi wa aiki kafin kemo sun rayu matsakaicin wata 53.7, sauran wata 46. Amfanin ya tsaya ne ga waɗanda aka cire musu ciwon kakaf, don haka aiki ne na ƙwararren likitan sankarar mata. Bayan nan sai carboplatin tare da doxorubicin mai rigar kitse, ko gemcitabine, ko paclitaxel. A sani cewa jiki kan fara ƙin carboplatin bayan an karɓe shi kamar sau takwas, da ƙaiƙayin tafin hannu, jan fuska da ƙuncin numfashi, don haka mai jinya kada ya bar gefen gado a lokacin ƙarin ruwan.

Game da magungunan toshe PARP kuwa, olaparib miligiram 300 ne safe da yamma, kuma bayan kemo na farko shekara biyu ake sha ga mai ɓacin BRCA. Niraparib 200 ne a kullum ga wadda ba ta kai kilo 77 ba ko filatilet ɗinta bai kai 150 ba, tare da gwajin jini duk sati a watan farko. Suna da tsada, kuma amfaninsu ya fi yawa nesa ba kusa ba ga masu ɓacin BRCA. Iyalin da kuɗinsu ƙididdigagge ne su fara biyan gwajin kafin su sayi kwali ko ɗaya, kuma raba ƙwaya ɗaya a rana don ta daɗe ba tanadi ba ne.

Idan kuwa ciwon mai juriya ne, haɗa kemo biyu ko uku ba ya ƙara komai sai wahala. Magani ɗaya ake bayarwa: paclitaxel miligiram 80 ga murabba'in mita duk sati, wanda kan yi aiki ko ga wadda ta sha shi a tsarin sati uku, ko doxorubicin mai rigar kitse miligiram 40 ga murabba'in mita duk sati huɗu, ko gemcitabine, ko topotecan. A gwajin AURELIA, ƙara bevacizumab, mai hana ƙari shimfiɗa sabbin jijiyoyin jini, ya ɗaga lokacin da ciwo ke tsayawa daga wata 3.4 zuwa 6.7, ya kuma rage taruwar ruwa, amma bai nuna ƙarin tsawon rai a fili ba. Yana ɗaga hawan jini, yana zubar da furotin a fitsari, yana iya huda hanji, don haka ba a ba wadda hanjinta ke toshewa, kuma ana barin aƙalla kwana 28 tsakaninsa da tiyata. Sabon magani mirvetuximab, da hukumar magunguna ta Amurka ta fara amincewa da shi a 2022, yana bin wata alama a bangon ƙwaya mai suna FRα ya kai guba ciki. A gwajin MIRASOL ya kai matsakaicin rayuwa wata 16.5, kemo kuma 12.7, amma sai ga wadda aƙalla kashi 75 na ƙwayoyin ƙarinta ke ɗauke da alamar sosai, kuma da wancan dunƙulen kaki ake dubawa.

Bayan zagaye biyu ko uku na kowane sabon magani a auna ko yana aiki. Idan ba ya yi, a tsayar. Akwai lokacin da Mama ta fi buƙatar a zuƙe mata ruwan ciki, a ba ta ruwan mofin, maganin rage zogi, a kan lokaci, a kula da abincinta, a kan wani sabon kemo, kuma neman wannan kulawa ba yanke ƙauna ba ne. Amai mai yawa tare da kumburi da ɗaukewar bayan gida da tusa alamar toshewar hanji ce, a daina ba da abinci a tafi asibiti.

Sakamakon BRCA na jini bai tsaya kan mara lafiya ba. Kimanin kashi 15 cikin 100 na masu wannan ciwo gadon ɓacin suka yi, kuma kowane ɗa ko 'ya, yaya ko ƙanwa, na da damar rabi da rabi ta ɗauke da shi, ta wajen uwa ko ta wajen uba. Mai ɓacin BRCA1 haɗarin sankarar ƙwai a tsawon rayuwarta ya kai kusan kashi 44, mai BRCA2 kusan 17, ga kuma haɗarin sankarar mama. CA-125 da hoton ciki ba sa kama ciwon da wuri yadda za a dogara da su. Abin da ke karewa shi ne cire ƙwai da bututunsa bayan an gama haihuwa, tsakanin shekara 35 da 40 ga mai BRCA1, 40 zuwa 45 ga mai BRCA2. A ba 'yan'uwa kwafin takardar, saboda da sunan ainihin ɓacin da ke rubuce a jikinta za a gwada su.